Zan Tafi Gida Wata Uku, Yaya Zan Yi da Harajin Amurka?

Wasiƙun wannan karon daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito, masu aikin kansu waɗanda babu kamfanin da yake yankar musu haraji a albashi. Na zaɓi uku, na rage tsawonsu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni direba ne a New York, ina zaune a Bronx, ina jan Uber da Lyft da motata. Da aka cike mini takardar harajin bara, harajin tarayya gaba ɗaya ya kama dala 9,200, sai mai cikewar ya ce bana in riƙa biyan 2,300 sau huɗu. Na biya na Afrilu. To ga shi farkon Yuni zan tafi gida Damagaram in aurar da 'yata in kuma duba gini, sai ƙarshen Agusta in Allah ya yarda. Wata uku ke nan ba ko sisi. In na cire hidimar mota, ina tsira da wajen dala 4,000 a wata. Dole ne in biya na Yuni da na Satumba alhali ba na aiki? A masallaci wani ya ce in ba ka yi aiki ba babu ruwanka da su, wani kuma ya ce in ka tsallake ko ɗaya za su rufe maka asusun banki. Direba daga Bronx.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba su zaman lafiya. Mutanen masallacin nan biyu duk sun faɗa maka abin da ba haka yake ba, kowa ta nasa ɓangaren.

Na biyun shi ne mai sauƙin amsa. Hukumar haraji ta IRS ba ta taɓa asusun mutum don ya tsallake zubin ƙiyasi, wato harajin da ake ƙiyastawa a riƙa biya sau huɗu kafin a cike takardar shekara. Kafin a kai ga taɓa asusu sai an tabbatar da bashi a kanka, an aiko maka wasiƙu a jere ka yi biris da su. Abin da tsallake zubi yake jawowa tara ce da ake lissafawa ranar da ka cike takardar shekara, kuma lissafinta irin na kuɗin ruwa ne: nawa ne giɓin, kwana nawa ya yi. A 2024 kashi 8 cikin 100 ne a shekara, a 2025 kashi 7. Ba kuɗin da zai karya mutum ba ne, amma na san da yawanmu ko dala ɗaya ta ruwa ba ma son ta ratsa dukiyarmu. Hukuncin wannan na bar wa malamai, ni dai nawa shi ne in nuna maka yadda ba za ka biya ba.

Na farkon kuma ya kama wutsiyar gaskiya ya saki jikinta. Haraji samu yake bi, haka ne. Sai dai IRS ba ta san ka hau jirgi ba, kuma babu wata takardar neman hutu da ake aika mata. In ba ka nuna mata wani abu daban ba, ɗauka take yi kuɗin shekararka sun shigo daidai wa daida, don haka take jiran kashi ɗaya cikin huɗu a kowace rana ta zubi: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. In ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, sai a matsa zuwa ranar aiki ta gaba. Ka lura tazarar ba wata uku-uku ba ce. Tsakanin na farko da na biyu wata biyu ne kacal, kuma a nan direbobi da yawa suke tuntuɓe, suna jiran Yuli.

Dokar ta ce duk wanda yake sa ran za a bi shi dala 1,000 ko fiye a ƙarshen shekara ya riƙa zubi. Ta kuma buɗe ƙofa biyu na tsira daga tara, kowacce ka bi ta wadatar. Ko dai ka biya daidai harajin bara gaba ɗaya, ko ka biya kashi 90 cikin 100 na harajin bana, wanda ya fi ƙanƙanta a cikinsu shi ne a kanka. Wanda samunsa na bara ya haura dala 150,000 shi ne ake nema wa kashi 110 na bara, kai wannan bai shafe ka ba. Mai cike maka takarda ƙofar farko ya tura ka: 9,200 a raba huɗu. Bai yi laifi ba, ita ce ba ta buƙatar duba, domin ko bana ka ninka samunka babu tara. Amma bai san za ka ajiye mota wata uku ba. Kai ƙofa ta biyu ce taka.

Mu yi lissafin tare. Wata tara na aiki a kan 4,000 ya ba da dala 36,000. A kan wannan akwai haraji iri biyu. Akwai na mai aikin kansa, kashi 15.3 cikin 100, wato 12.4 na Social Security (asusun fansho na gwamnati) da 2.9 na Medicare (inshorar lafiyar tsofaffi), wanda ake ɗorawa a kan kashi 92.35 na ribarka. Ma'aikacin kamfani rabi yake biya, kamfani ya biya rabi, kai kuwa kai ne yaron kai ne maigidan. Wannan kaɗai ya kai wajen 5,100. Sai harajin samu, wanda bayan an cire rangwamen da kowa yake samu zai tsaya wajen 1,450 da ma'aunin 2025, in kai kaɗai kake cikewa. Mu ce 6,500 gaba ɗaya don sauƙin lissafi. Kashi 90 na wannan 5,850 ne. Zuwa 15 ga Satumba ana so a ga kashi uku cikin huɗu sun shiga, wato wajen 4,390. To in ka biya 2,300 na Yuni a kan 2,300 na Afrilu, ka zuba 4,600 ke nan, ka riga ka wuce abin da ake nema a Satumba. Na Satumba ya faɗi, ba tare da ka cike wata takarda ta musamman ba. Ranar 15 ga Janairu ka cika 1,250, ragowar 650 kuma ka biya tare da takardar shekara a Afrilu.

Wani zai ce ai ko na Yunin ma za ka iya ragewa, kuma da gaskiyarsa: zuwa Yuni rabin 5,850 ake nema, wato 2,925, don haka dala 625 ta isa. Amma in ka yi haka Satumba za ta zo maka da wajen 1,460, kuma ni ban taɓa ganin wanda ya je gida aurar da 'ya ya dawo da nauyin aljihu ba. Ga kayan ɗaki, ga gara, ga masu zuwa gaisuwa tun asuba, ga magini da zai ce siminti ya ƙare. Za ka sauka a filin jirgin Kennedy kuɗin haya na jiranka, inshorar mota na jiranka. Shawarata ka biya na Yuni cikakke yanzu da kuɗin suke hannunka, ka sayi kwanciyar hankalin Satumba da shi.

Akwai inda lissafin nan zai iya zamewa. Na san halinmu, in mutum ya dawo da bashi sai ya riƙa kwana a kan titi daga Satumba har Disamba. In ka yi haka har harajin bana ya kai 8,000, abin da ake nema a Satumba ya koma 5,400, ka gaza da 800. Tarar 800 na wata huɗu a kan kashi 7 ba ta kai dala 20 ba, kuma ko ita ana iya kauce mata da takardar da zan yi bayani a amsa ta gaba, tunda kuɗin a ƙarshen shekara suka shigo. Abin da ya kamata dai shi ne a farkon Janairu ka sake zama da lissafinka ka ƙara na ranar 15 gwargwadon abin da ka samu da gaske.

Sai maganar mota. In za ka ba wani ɗan'uwa ita yana kawo maka balas duk mako, wannan balas ɗin samu ne, ba za ka ce wata uku ba ko sisi ba, ka sa shi cikin lissafi. Abin da kuma nake roƙonka kada ka yi shi ne ba wani asusunka na Uber ya ja da sunanka. Ban da cewa kamfanin ya hana, takardar 1099, mai nuna kuɗin da aka samu ta asusun, da sunanka za ta fito, kwafinta yana wurin IRS, kuma kai za a tambaya harajin kuɗin da wani ya ci.

Yadda za ka biya kana Damagaram: kada ka bari sai kana can. Abin da yake faruwa shi ne mutum ya buɗe manhajar bankinsa a waya, ta ce ta tura lambar sirri zuwa layinsa na Amurka, layin kuwa yana cikin jaka babu sabis, ya yi ta danna a sake turowa har banki ya kulle shi. Kafin ka tashi ka shiga Direct Pay a shafin IRS, kyauta ne, daga asusun bankinka yake cira, kuma yana karɓar umarnin biya har kwana 365 gaba. Ka zaɓi 1040-ES, wato zubin ƙiyasi, ka duba shekarar da kyau ka tabbatar ta bana ce, domin masu zaɓar bara bisa kuskure suna da yawa kuma gyaran yana cin lokaci. Ka ɗauki hoton lambar tabbaci. Sannan ka bar kuɗin a asusun, domin in suka zo cira suka tarar babu, akwai tarar kashi 2 cikin 100 a kan irin wannan adadi, dala 46 ke nan a banza. Mafi sauƙi ma, ka biya tun yau, babu dokar da ta ce sai ranar 15.

Abu ɗaya ban gani a wasiƙarka ba. Dala 9,200 na tarayya ne. Jihar New York tana da nata zubin a takardar IT-2105, ranaku iri ɗaya, kuma ita daga dala 300 take farawa. Mazaunin Bronx yana biyan na birni ma ta cikin wannan takardar. Ka koma wurin mai cike maka ka tambaye shi ina nata.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni mai kitso ce a Greensboro, jihar North Carolina, ina hayar kujera a wani shago. Ina da ciki, likita ya ce watan Fabrairu. Zan daina aiki ƙarshen Janairu, kuma ba na jin zan koma kafin Mayu. Maigidana yana aiki a wani sito, ana yankar masa haraji a albashi, tare muke cike takarda. Na 15 ga Afrilu fa? A lokacin ko arba'in ban daɗe da yi ba. Mai kitso daga Greensboro.

AMSA: Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa, ya raya abin da za a samu. Matsalarki kishiyar ta direban nan ce. Shi ya tara a farkon shekara ya huta a tsakiya, ke kuwa hutun ne a gaba, kuɗin a baya. Zubin kashi huɗu daidai bai dace da ke ba ko kaɗan, domin zai nemi ki biya harajin kitson da ba ki yi ba tukuna.

Doka ta san da irinki. A jikin takarda mai lamba 2210 akwai wani shafi da ake kira Schedule AI, wanda yake barin mutum ya biya gwargwadon yadda kuɗi suka shigo. Ana duba abin da aka samu daga 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Maris a ninka sau 4, zuwa ƙarshen Mayu a ninka sau 2.4, zuwa ƙarshen Agusta sau 1.5, sai na shekara gaba ɗaya. A kowane zango a ga harajin da wannan zai haifar, a nemi wani kaso nasa. In zangon farko kitson Janairu kaɗai ke cikinsa, abin da za a nema a Afrilu zai yi ƙasa sosai, mai yiwuwa ma abin da ake yanka a albashin maigida ya rufe shi, domin ku da kuke cikewa tare a dunƙule ake dubanku. Ba yanzu ake aika takardar ba, sai shekarar haihuwar ta ƙare, tare da ta shekara. Amma sharaɗinta rubutu ne: dole ki iya nuna abin da ya shiga da abin da ya fita wata-wata. Ku masu kitso wannan ta ba ki a hannu, wannan ta Zelle, wannan ta Cash App, ga kuɗin kujera, ga gashin ƙari da man da kike saya. Ki sami littafi guda ki ajiye kusa da madubi, kowane kai kika gama ki rubuta rana da kuɗi kafin mai shi ta ɗaura ɗankwali. In babu wannan littafin, mai cike takarda ba shi da abin da zai zuba a shafin.

Gaskiya dai da ni ne ku, ba ta nan zan bi ba, akwai hanya mafi sauƙi a cikin gidanku. Harajin da ake yanka a albashi, doka tana ɗaukarsa tamkar an biya shi daidai a ranakun zubi huɗun nan, ko da a Disamba aka yanke shi. Zubin ƙiyasi ba shi da wannan gata, shi ranar da ya shiga ake rubutawa. Don haka maigida ya je ofishin ma'aikata na wurin aikinsu ya sake cike W-4, takardar da ke nuna harajin da za a riƙa yanka a albashi, a sashe na 4, layin c, ya rubuta ƙarin da yake so a riƙa yanka. Misali in kun ƙiyasta kitsonki na shekarar haihuwar zai jawo dala 3,000, kuma saura albashi 20 a shekara, ya rubuta 150. Shi ke nan, ke ba ruwanki da ranakun zubi, ki ji da jego. Kuna ma iya jira sai kin koma aiki kun ga yadda kasuwa take kafin ya cike. Yadda za ki riƙa mayar masa da kuɗinsa kuma, wannan tsakaninku ne, ba na shiga.

Kada ku manta jaririn da kansa yana rage haraji. A 2025 rangwamen yaro dala 2,200 ne, kuma ko ranar 31 ga Disamba aka haife shi ana lissafa masa shekara cikakkiya, muddin yana da lambar Social Security. Ku nema masa tun a asibiti lokacin cike takardar haihuwa. In aka haɗa wannan da watannin da ba ki yi aiki ba, harajin gidanku na shekarar haihuwar zai sauka ƙasa da na shekarar da ta gabace ta sosai, saboda haka kada kowa ya sa ku bin ma'aunin waccan shekarar. Jiharku ma tana da nata zubin, takardar NC-40, daga dala 1,000.

Wata magana da ba ki tambaya ba amma na san ana yinta a shaguna: wai tunda kuɗin hannu ne, a rubuta kaɗan. Ban da cewa laifi ne, kanki kike cuta. Social Security maki take tarawa, huɗu a shekara, kuma sai da maki 40 ake samun fansho. A 2025 kowane maki yana buƙatar samun dala 1,810, wato 7,240 ya cika miki na shekara, abin da ko da hutun jego za ki iya kaiwa. Ranar da kuma kika tashi ɗauko mahaifiyarki ko wani naki, takardar ɗaukar nauyi ta I-864 takardar harajin nan za ta nema, kuma abin da kika rubuta shi za a karanta.

TAMBAYA: Malam, ina jan babbar mota da kaina daga Houston. An yi mini aiki a baya, wata huɗu ina kwance, na tsallake zubi biyu. Ana yafe tara saboda ciwo? Sannan kuɗin da nake aika wa iyaye gida da wanda na ba da na ginin masallacin garinmu, ana cire su daga haraji? Direban babbar mota daga Texas.

AMSA: Sannu, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ana yafewa, amma ƙofar ƙarama ce. IRS tana duba roƙon wanda bala'i ko wani lamari da ba a saba gani ba ya hana shi biya, da wanda ya yi ritaya bayan shekara 62, da wanda ya nakasa a wannan shekarar ko wadda ta gabata, in akwai dalili mai ƙarfi. Ana roƙon ne a takarda 2210, a haɗa da bayani a rubuce da takardun asibiti masu nuna ranakun da ka kwanta. Su ke da ikon karɓa ko ƙi. Kafin ka kai ga roƙo, ka yi lissafin da na yi wa direban Bronx, domin wata huɗu babu aiki ya rage harajin bana sosai, kuma zai yiwu abin da ka zuba kafin ciwon ya riga ya rufe. In akwai giɓi, ka biya abin da ya samu yau, kada ka jira ranar zubi ta gaba, tunda kwana-kwana tarar take ƙirga. Ka kuma san cewa neman ƙarin lokacin cike takardar shekara da takarda mai lamba 4868 ba ya ɗaga ranar biya. Sauƙinka ɗaya, Texas ba ta karɓar harajin samu daga mutum, da tarayya kaɗai kake.

Kuɗin iyaye ba a cirewa, haka zakkar da ka damƙa wa mutum hannu da hannu, haka kujerar Makka. Na masallacin garinku ma ba a cirewa, domin gudummawar da ake lissafawa ita ce wadda aka ba ƙungiyar agaji ko ta addini ta Amurka da ta cika sharuɗɗan sashe na 501(c)(3) na dokar haraji. In masallacin da kake salla a Houston yana cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, ka karɓi rasit duk lokacin da ka bayar, kuma daga dala 250 zuwa sama sai da takardar shaida daga gare su.